Hatimi, Tauraro da Gicciye: Daga Suk al-Arabi zuwa Kangon Soba

Duk Bahaushen da ya taɓa sauka a Kartum, babban birnin ƙasar Sudan, kafin yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023, ya san Suk al-Arabi. Ita ce kasuwar da take tsakiyar gari kusa da Babban Masallaci, inda motocin haya suke juyawa, inda kuma masu sayar da zinariya suke da layinsu. In mutum ya haye gada zuwa Omdurman sai ya tarar da wata kasuwar, mai lunguna kamar na Kasuwar Kurmi ta Kano. Matanmu sun san sunan Sudan ko da ba su taɓa zuwa ba, saboda humra da dilka da turaren wuta. Yaƙi ya ci kasuwannin nan biyu, an washe shaguna, an ƙone da yawa. Saboda haka abin da zan faɗa a kansu labarin jiya ne.

Ban da zinariya da atamfa, akwai wasu ƙananan kaya da ake shimfiɗawa kusa da masu turare: shuɗɗan duwatsun wuya, da wuri, da zobban azurfa masu zane, da wani haɗin turare da suke kira bakhur at-taiman wanda ake ƙonawa domin maganin kambun baka, da layu ɗinkakku cikin jar fata. Mutanen Sudan suna ce wa laya hijab, malamin da ya rubuta ta faki, rubutun sha kuwa mihaya. A cikin malaman da suka yi suna da wannan aiki akwai mutanenmu na yamma, Hausawa da Fulani da Barebari, waɗanda ake haɗa su duka a kira su Fallata.

Hanyar hajji ce ta kai su. Shekaru aru-aru alhazai suna ratsa Barno da Wadai da Darfur a ƙasa, wani ya yi shekara biyar a hanya, wani guzuri ya ƙare ya zauna ke nan. Ayari mafi girma ya tashi bayan da Turawa suka ci Sakkwato. An kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas, suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, wanda ake kira Mai Wurno har yau. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, wasu dubbai suka biyo domin ƙodago. Malamai suna cikinsu, da allunansu da tawadarsu da kundayensu.

To, bari mu farke laya ɗaya mu duba cikinta. Sau da yawa, ban da ayoyi da sunayen mala'iku, za a ga zane mai ɗakuna tara, uku a tsaye uku a kwance, da lamba ko baƙi a kowane ɗaki. Shi ne muke kira hatimi. Layin sama 4, 9, 2. Na tsakiya 3, 5, 7. Na ƙasa 8, 1, 6. Mai karatu ya gwada da kansa: ko ta ina ya tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, 15 zai samu. Wanda bai san lissafi ba, in aka nuna masa wannan, dole ya yi mamaki, mamaki kuwa ƙofar tsoro ce.

Amma hatimin nan ba a Makka aka haife shi ba, ba kuwa a Urushalima ba. Mutanen ƙasar Sin ne suka fara rubuta shi, kusan shekara dubu biyu da suka wuce, suna kiransa Lo Shu. Tatsuniyarsu ta ce wani kunkuru ne ya fito daga kogin Lo da ɗigo-ɗigon lambobin a bayansa. A wurinsu ma'anarsa tsarin duniya ce: biyar a tsakiya, sauran suna kewaye da ita kamar kusurwoyin ƙasa. Da ya iso hannun masu rubutun Larabci sai ya sake aiki. Wani likita mai suna Ali ibn Rabban al-Tabari, wanda ya rubuta littafinsa na magani wajen tsakiyar ƙarni na tara, ya kawo shi a matsayin maganin naƙuda mai wuya. Kunkuru ya ɓace, ungozoma ta karɓa.

Daga nan malamai suka shiga yi masa fassara da hisabi, wato ilimin da yake ba kowane baƙin Larabci lamba. Lambobin kusurwoyi huɗu, 2 da 4 da 6 da 8, su ne ba da dal da waw da ha, sai aka haɗa su aka sami kalmar “buduh”, wadda ba ta da ma'ana a Larabci, amma aka riƙa rubuta ta a bayan wasiƙa domin ta isa lafiya, har wasu suka ɗauke ta sunan wani ruhu. Wasu kuma suka lura cewa jimlar lambobin tara duka 45 ce, daidai da lissafin sunan Adamu, kowane layi kuwa 15, daidai da sunan Hawwa'u. Lissafin daidai ne, na gwada shi. Sai dai mutumin Sin da ya fara zana ɗakunan bai taɓa jin sunan Adamu ba. Ma'anar daga baya aka liƙa ta. Littafin da ya fi yaɗa irin wannan ilimi shi ne Shamsul Ma'arif, wanda ake danganta shi ga Ahmad al-Buni, mutumin Afirka ta Arewa na ƙarni na goma sha uku, kuma malaman tsibbu daga Kano har Omdurman sun san shi. Ya kamata a faɗa, domin adalci, cewa malaman Musulunci da yawa sun yi tir da wannan littafi, suna cewa sihiri ne.

Mu ma muna da namu a cikin wannan tarihi. Muhammad ibn Muhammad al-Kishnawi, wato Bakatsine, ya bar ƙasar Hausa ya yi hajji, ya zauna a Alƙahira. A 1732 ya rubuta littafi a kan yadda ake gina hatimi mai ɗakuna mara, uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, har sama. Ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Masana lissafi na zamaninmu suna ambatonsa da girmamawa, gama dabarunsa lissafi ne na gaske, wanda ɗan sakandare zai iya bi ya tabbatar. Abin da ba lissafi ba shi ne cewa takardar za ta tsare mutum daga kaifin wuƙa.

Alama ta biyu dattawanmu sun riƙe ta a hannu ba su sani ba. Wanda ya yi wayo kafin a kawo naira a 1973 zai tuna da kwabo mai huji. A bayansa akwai tauraro mai tsini shida, alwatika biyu da aka sarƙa. Yana jikin ɗari da anini tun zamanin kuɗin Afirka ta Yamma, yana kuma jikin tutar Nijeriya ta mulkin mallaka daga 1914 zuwa 1960, kore a cikin jan da'ira. Gwamna Lugga da kansa ya bayyana inda ya samo shi: a murfin wata butar tagulla da sojojinsa suka kwaso sa'ad da suka ci Kwantagora, garin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, a 1901. Bature ya ga ado ya yi masa kyau, ya buga a kuɗi. Maƙerin butar kuwa hatimin Annabi Sulemanu ya zana, irin wanda ake gani a zobban azurfa na Omdurman.

Ina Sulemanu ya sami hatimi? Littafi Mai Tsarki bai ba shi ko ɗaya ba. Littafin Sarakuna na Fari, sura 4, ya yi maganar hikimarsa, da karin magana 3,000 da waƙoƙi 1,005, da saninsa na itatuwa da dabbobi, amma babu zobe, babu aljanu. Labarin ya tsiro daga baya. Yusufus, marubucin tarihin Yahudawa na ƙarni na fari, ya ce ya ga wani Bayahude mai suna Ele'azara yana fitar da aljani a gaban Basfasiyan, wanda ya zama sarkin Roma, da zobe mai ɗauke da wata saiwa da aka ce Sulemanu ne ya nuna ta. Bayan haka aka rubuta wani littafi da Helenanci mai suna Wasiyyar Sulemanu, wanda ba ya cikin Littafi Mai Tsarki, inda aka ce mala'ika Mika'ilu ya kawo wa sarkin zobe domin ya ɗaure aljanu su yi masa aikin ginin Haikali. Daga nan labarin ya bazu cikin Yahudawa da Kirista da Musulmi gaba ɗaya. Zanen hatimin ma bai tsaya ɗaya ba, wani wuri tsini biyar, wani wuri shida. A kangon majami'ar Yahudawa ta Kafarnahum an sassaƙa su duka biyu a dutse, ado ne kawai. Zamansa tambarin Yahudawa sabon abu ne: taron 'yan Sihiyona na Basel ya ɗauke shi a 1897, ya hau tutar Isra'ila a 1948. Na sha jin wasu masu wa'azi suna kiransa tauraron Dawuda kamar sarki Dawuda ne ya zana shi a garkuwarsa. Babu ayar da ta ce haka.

Zuwa nan mai karatu Kirista zai iya gyara zama ya ce wannan duk al'amarin maƙwabta ne, mu ba ruwanmu. Kada ya yi sauri. Bari mu bar kasuwa mu bi Shuɗin Nilu kamar kilomita ashirin kudu maso gabas da Kartum, zuwa wani kango da ake kira Soba.

Soba ita ce babban birnin Alwa, ɗaya daga cikin mulkoki uku na Kirista a ƙasar Nubiya. Sauran biyun su ne Nobatiya, mai birnin Faras, da Makuriya, mai birnin Dongola. Wani firist mai suna Yuliyanus ya kai bishara Nobatiya wajen shekara ta 543, bishop Longinus kuwa ya yi wa sarkin Alwa baftisma a 580. Larabawa sun kewaye Dongola a 652 ba su ci ta ba, aka yi yarjejeniya wadda ta daɗe kusan shekara ɗari shida. Nubiyawa sun gina majami'u, sun fassara sassan Littafi Mai Tsarki cikin harshensu, sun yi zane-zane a bango masu ban sha'awa. Daga 1961 zuwa 1964, kafin ruwan madatsar Aswan ya shanye Faras, masana daga ƙasar Folan ƙarƙashin Kazimierz Michalowski suka tono babbar majami'ar garin daga cikin rairayi, suka ɓamɓare zane fiye da ɗari, aka raba su tsakanin Warso da gidan tarihi na Kartum. Ikkilisiya ce ta gaske, ta yi shekara wajen ɗari tara. Mu a arewacin Nijeriya, in mun ƙirga daga zuwan Dokta Miller Zariya a 1905, ba mu daɗe da wuce shekara ɗari da ashirin ba. Jarirai ne mu a gabansu.

To, me aka samu a bangayensu da tukwanensu? Haruffa uku na Helenanci da suke nufin 689. Su ma suna da hisabinsu: in aka tara haruffan sunan Mika'ilu da Helenanci, 40 da 10 da 600 da 1 da 8 da 30, jimla 689 ce. Suna rubuta lambar ko sunan a ƙofar gida da jikin tulu domin tsari. A 2005 aka tono gawar wata mace a arewacin Sudan wadda ta rayu wajen shekara ta 700, rairayi ya busar da ita ba ta ruɓe ba. Da masana na babban gidan tarihi na Landan suka bincika, sai suka ga an yi mata jarfa a cinya ta ciki, sunan Mika'ilu ne a dunƙule da gicciye a bisansa. Wurin da aka sa shi ba wurin nuna wa jama'a ba ne.

Akwai kuma kogon wani mai zaman kaɗaici a bayan Faras, mai suna Tiyofilus, wanda ya cika bangon ɗakinsa da rubutu a shekara ta 738. Ya rubuta Ƙa'idar Bangaskiya ta Nikiya, da farkon Bishara huɗu, abin da kowane fasto zai yaba. Amma kusa da su ya jera sunayen shahidai arba'in na Sebaste, da sunayen samari bakwai masu barci na Afisa, waɗanda Musulmi suke kira Ashabul Kahfi suna kuma sa sunayensu a laya har yau. Ya ƙara da wasu kalmomi biyar da ya ce sunayen ƙusoshin da aka gicciye Almasihu da su ne. Kalmomin nan ba sunayen ƙusa ba ne. Wani tsohon hatimin haruffa ne na Latin mai farawa da “sator”, wanda ake karantawa ta kowane gefe ya ba da abu ɗaya, an kuma same shi a bangon Fomfei, garin da dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79. Wasan kalmomi na Romawa ya yi tafiya har bakin Nilu ya zama asirin gicciye. A Dongola ma, kabarin babban bishop Jojiyos, wanda ya rasu a 1113, an rufe bangonsa da ayoyin Bishara haɗe da sunaye da zane-zanen tsari. Ina bambancin wannan da aikin faki na Suk al-Arabi? A wajen dabara, ban ga wani ba.

Ba cewa nake kowace alama mugun abu ce ba. Kirista na fari sun yi amfani da kifi da kurciya da anka ta jirgin ruwa, Kilemas na Iskandariya ma ya ba da shawara a sa irin waɗannan a zoben hatimi wajen shekara ta 200. Kibɗawan Masar sun ɗauki tsohuwar alamar rai ta Fir'aunoni, mai kama da gicciye da kunne a sama, wadda take jikin haikalan Sudan ma, suka sa mata sabuwar ma'ana. Har yau Bakibɗe yana yin jarfar ƙaramin gicciye a wuyan hannu, shaida ce cewa shi na Almasihu ne, ko da za ta jawo masa wahala. Wannan alama tana magana da mutane. Laya kuwa ana so ta yi aiki da kanta ne, ko mai ita ya gane ko bai gane ba, ko ya tuba ko bai tuba ba. Shugabannin ikkilisiya sun ga wannan tun da wuri. Majalisar Lawudikiya a ƙarni na huɗu ta hana ma'aikatan ikkilisiya yin layu, Yohanna Kirisostom kuma ya tsauta wa masu ɗaura kuɗin tagulla mai hoton Iskandari Mai Girma a ka da ƙafa. Tun kafinsu akwai macijin tagulla. Allah ne da kansa ya umarci Musa ya ƙera shi, kamar yadda yake a Littafin Ƙidaya sura 21, amma da Isra'ilawa suka shiga ƙona masa turare, sarki Hezekiya ya farfashe shi, aka kuwa lasafta masa wannan cikin ayyukansa na kirki a Sarakuna na Biyu sura 18.

Kada kuma a ce layu ne suka kashe ikkilisiyar Nubiya. Dalilan suna da yawa: hare-haren sarakunan Mamluk na Masar, da rigimar gadon sarauta, da ƙaurar kabilun Larabawa da auratayya da su. A 1317 aka mai da fadar Dongola masallaci, Soba kuwa ta faɗi wajen shekara ta 1500. Amma akwai rauni ɗaya da ya kamata ya hana mu barci. Bishop-bishop nasu daga Iskandariya ake naɗa su, da hanya ta yanke sai shugabanci ya yanke. Wani firist ɗan Fotugal, Faransisko Albares, wanda ya zauna a Habasha daga 1520 zuwa 1526, ya ba da labari cewa mutum shida sun zo daga Nubiya suna roƙon sarkin Habasha ya aika musu da firistoci su koya musu. Sarki ya ce shi ma nasa babban bishop daga Masar ake aiko masa, ba shi da na bayarwa. Suka koma hannu wofi. Albares ya kuma ji daga bakin wani matafiyi cewa akwai majami'u wajen 150 a ƙasar, da gicciye da hotuna a cikinsu har lokacin. Gine-gine suna nan, alamu suna nan, mai koyarwa ne babu.

Abin da ya rage, wani mishan na ɗarikar Komboni mai suna Giovanni Vantini, wanda ya yi shekaru masu yawa a Sudan, ya tattara shi. A wasu ƙauyukan Nubiya, inda kowa Musulmi ne, tsofaffin mata suna zana gicciye da kwalli a goshin jariri, ko a bango da jinin ragon da aka yanka, suna kuma kai jariri bakin Nilu a wanke masa fuska, al'adar da suke kira Mariya. In an tambaye su, sai su ce haka suka gada, yana maganin baki. Gicciye ya tsira, amma ya zama ɗaya daga cikin shuɗɗan duwatsu da wuri.

Shi ya sa nakan damu in na shiga gidan mai bi na ga Littafi Mai Tsarki a buɗe a Zabura 91 a bisa gadon jariri, ƙura ta rufe shafin, alamar ba a juya shi ba tun ranar suna. Ko direban da ya liƙa aya a gilashi ya rataya gicciye a madubi, yana gudun da ya ga dama. Ko kwalaben mai da ruwa da hankici da ake saya a wurin taron farkawa a kai gida a ɓoye ƙarƙashin matashi. Wanda yake yin haka ba shi da bakin yi wa maƙwabcinsa dariya saboda kambun da ke damtsensa. Akwai kuma kishiyar wannan, wato masu firgita da kowane zane, su ga dagin Arewa a rigar saƙi ko tauraro a tsohon kwabo su ce aljani ne a ciki. Su ma sun ba zane ikon da ba shi da shi, ta bayan gida. Mutanen Afisa da suka ƙone littattafan sihirinsu a Ayyukan Manzanni sura 19, na kuɗin azurfa dubu hamsin, sun yi haka ne bayan da Bulus ya yi shekara biyu yana koyarwa kowace rana a garinsu.

Gidan tarihi na Kartum, inda aka rataye rabon Sudan na zane-zanen Faras tun buɗe shi a 1971, ya faɗa hannun mayaƙan RSF a farkon yaƙin. Da sojoji suka karɓe birnin a watan Maris 2025, ma'aikata suka koma suka tarar an fasa akwatunan gilashi an kwashe kaya masu yawa. Soba kuwa an daɗe da kwashe ta. Sa'ad da Turkawa suka fara gina Kartum bayan 1821, daga kangon Soba aka riƙa ɗebo jan bulo ana kawowa ta kogi. Bayan da Mahadi ya ci Kartum a 1885, magajinsa ya sa aka rushe gidajen birnin, aka haye da kayan ginin zuwa Omdurman.